Chez Panisse, gidan abincin da manomi ke yanke abin da za a ci

Akwai wani gidan abinci a garin Berkeley na jihar Kalifoniya a Amurka, kan titin Shattuck, wanda mutane ke kama wuri tun saura wata guda, su biya kuɗin da ya haura dala 100 kan mutum ɗaya, sannan kuma ba a ba su damar su zaɓi abin da za su ci. Abin da kicin ya dafa a wannan daren shi kowa zai ci, daga teburin farko har na ƙarshe. Sunansa Chez Panisse, kuma duk wanda ke bibiyar harkar abinci a Amurka ya san daga nan ne maganar "daga gona zuwa tebur" ta samu gindin zama. Abin da ya sa na ga ya dace a zauna a duba lamarinsa da kyau shi ne, su kansu kukun gidan ba su ne ke fara yanke shawarar me za a dafa ba, sai sun ga abin da gona ta turo tukuna.

Ga yadda cin abinci a wurin yake. Ginin tsohon gidan zama ne mai bene, in ba an nuna maka ba za ka iya wuce shi. A ƙasa nan ne ainihin gidan abincin, da dare kawai ake buɗewa, zama biyu ake yi, na farko da maraice na biyu wajen ƙarfe 8. Farashi ɗaya ne, abinci kala uku ko huɗu da ake kawowa ɗaya bayan ɗaya, kuma kullum sai ya canza, abin da aka ci ranar Talata ba shi za a ci Laraba ba. Suna saka jerin abincin mako a shafinsu na intanet, to amma tunda kai ka riga ka kama wuri tun wata guda baya, ba ka san me za ka tarar ba lokacin da ka yi alƙawarin zuwa. A sama kuma akwai ɓangaren da aka buɗe a 1980, can ne za ka iya zaɓa da kanka, akwai fiza da ake gasawa a murhun itace, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Kana zaune a ƙasa kana ganin cikin kicin, wutar itace na ci ana gasa nama, kwandunan kayan lambu a jere kan kanta. Wannan ma ba da gangan aka fara shi ba, gobara ce aka yi a 1982 ta cinye bangon da ya raba kicin da wurin cin abinci, mai gidan ta ce a bar shi haka kada a sake ginawa.

In ka duba takardar jerin abincin za ka ga wani abu da a da babu mai yi, ana rubuta sunan gona kusa da sunan abinci. Latas na gonar wane, tunkiya daga makiyayar wane, tanjarin na lambun wane. Akwai abincin da aka fi sanin ɓangaren sama da shi tun shekaru da dama, cukwin nonon akuya ne ake yanka shi kamar faifai ƙarami, a jiƙa shi cikin man zaitun da ganyen ƙamshi, a birkiɗa shi cikin garin burodi a gasa har bayansa ya yi ja cikinsa ya yi laushi, sai a ajiye shi gefen ɗanyen latas ƙanana da aka tsinko ba da daɗewa ba. Shi ke nan fa. Sannan a cikin kayan zaƙi akwai kwanon 'ya'yan itace, wani lokaci tanjarin ne da ganyensa a jiki da 'yan dabino, wani lokaci ɓaure, ba a dafa ba ba a yanka ba, an dai zaɓo an ɗora a kwano an kawo maka. A kan wannan kwanon aka fi yi musu surutu, zan zo kansa.

Matar da ta kafa wurin Alice Waters ce, an haife ta a 1944, ta yi karatu a jami'ar Berkeley lokacin da ɗalibai ke ta zanga-zangar neman 'yancin faɗin albarkacin baki a 1964. A 1965 ta je Faransa karatu, can ta ga yadda mata ke zuwa kasuwa kullum da safe su sayi abin da ke yayi a lokacin su dafa a ranar. Ba ta taɓa zuwa makarantar koyon girki ba, malamar yara ce ma kafin nan. Ranar 28 ga Agusta 1971 ita da abokanta suka buɗe wurin tana da shekara 27, abincin daren farko har da agwagwa da zaitun, kuɗinsa dala 3.95. Burinta a lokacin ba wani gyaran duniya ba ne, ɗanɗanon da ta ji a Faransa take nema, sai ta tarar ba ya samuwa a Amurka. Lokacin kayan lambun da ke zuwa gidajen abinci daga manyan dillalai suke fitowa, tumatir ana tsinkarsa ɗanye saboda ya jure doguwar tafiya a mota, irin da aka shuka ma an zaɓe shi ne don ƙarfin fata ba don daɗi ba, latas kuma kusan kala ɗaya ne ko ina. Duk iya girkinka in kayan babu ɗanɗano ba abin da za ka iya.

To nan ne wahalar ta fara, kuma wannan ɓangaren ne na fi so mutane su lura da shi saboda an fi ba da labarin kamar rana ɗaya aka tashi aka ga komai ya zauna. Sun bi maƙwabta masu ɗan lambu a bayan gida suna karɓar ganye suna biya da abinci. Ita kanta ta shigo da irin latas daga Faransa ta mayar da bayan gidanta lambu. Sun gwada yin gona tasu a ƙarshen shekarun 1970 abin bai yiwu ba, don iya girki daban iya noma daban. Kuɗi kuwa shekaru da dama suna faɗuwa, ga abokai da ake ciyarwa kyauta, ga sayen kaya mafi tsada ba a duba lissafi. A 1976, lokacin Jeremiah Tower ne babban kuku, suka yi wata liyafa da duk abincin daga arewacin Kalifoniya ya fito, kuma aka rubuta a takarda inda kowanne ya fito, kifin wannan rafin, dinyar wancan ƙauyen, cukwin Sonoma. Kafin nan gidan yana kwaikwayon Faransa ne, daga nan suka fara tinƙaho da abin da ke ƙasarsu.

A shekarun 1980 suka ƙirƙiro wani aiki da babu shi a gidajen abinci, mutum guda da albashinsa, aikinsa kawai yawon gonaki da kasuwanni yana neman masu kaya mai kyau. Mahaifin Alice, wanda ya yi ritaya ya zo yana taimaka mata da lissafi, shi ya zagaya gonaki yana neman manomi guda da za su dogara da shi, ya tsaya kan Bob Cannard a yankin Sonoma. Gonar mutumin in ka gani sai ka ce an yi watsi da ita saboda ciyawa, da gangan yake barinta tsakanin shuka, a ganinsa ita ke ciyar da ƙasa, ba ya feshin magani ba ya zuba takin zamani. Yarjejeniyar da aka yi da shi ita ce ƙashin bayan gidan har shekaru masu yawa, za a riƙa sayen amfaninsa kai tsaye babu dillali a tsakani, a farashin da zai riƙe shi, shi kuma ya turo abin da ya nuna. Motar gidan abincin ta tafi gona ɗauke da ɓawo da ragowar ganyen kicin da za a yi taki da su, ta dawo da akwatunan kayan lambu, kuku su buɗe su ga abin da ya zo sannan su gyara abin da suka tsara. In wake bai kai ba ba za a dafa wake ba ko da an rubuta shi.

Ni a nawa ganin wannan alƙawarin saye shi ne ainihin abin da mutum ke biya in ya je wurin, ya fi girkin kansa muhimmanci. Ƙaramin manomi ba zai yarda ya shuka wani iri mai daɗi amma mai saurin lalacewa ba, ko ya bar ɗan itace ya nuna sosai a kan bishiya, sai in ya tabbata akwai wanda zai karɓa a ranar ya biya da daraja, in ba haka ba asara zai tafka. Da aka samu mai saye tsayayye sai masu sana'a suka fara tsirowa a kewayen gidan. Laura Chenel da ke yin cukwin akuya a Sonoma, odar da Chez Panisse ke yi mata duk mako ce ta tsayar da ita da ƙafarta. Steve Sullivan yaron kwashe kwanuka ne a gidan, ya fara gasa musu burodi, a 1983 ya buɗe Acme Bread wanda yanzu duk yankin an san shi. Mai kifi, mai nama, masu lambun 'ya'yan itace, kowa ya samu suna saboda an rubuta shi a takardar abinci, wasu gidajen abincin suka bi su suna saye. Kukun da suka yi aiki a nan kuma suka watsu suka buɗe nasu da irin wannan tsarin.

Duk wanda ya taɓa tsayawa a kasuwar Kwanar Gafan a Kano lokacin da tumatirin rani ya yi yawa ya san ɗaya fuskar wannan lamarin, kwanduna jibge a rana, manomi ya kawo kaya babu wanda ya yi masa alƙawarin saye, dillali ya faɗi farashin da ya ga dama, in bai sallama ba gobe ya ruɓe, alhali a cikin gari ana miya da tumatirin gwangwani. Kaya mai kyau akwai shi, mai saye da zai tsaya da manomi tun kafin shuka ne babu.

Yanzu maganar kwanon 'ya'yan itace. A 2009 wani fitaccen kuku na New York, David Chang, ya yi wa gidajen abincin San Faransisko gori a bainar jama'a cewa ɓaure kawai suke ɗorawa a faranti, su riƙa yin wani abu da abincinsu mana. Bai kama sunan Chez Panisse ba amma kowa ya san salon wa ake nufi, kuma maganar ta tayar da ƙura sosai. Akwai masu cewa wannan ai sayayya ce ba girki ba. Littafin Michelin, na kamfanin tayar nan na Faransa da ke raba wa gidajen abinci taurari, ya ba su tauraro ɗaya a 2006 ya kuma karɓe a 2010, duk da cewa mujallar Gourmet ta kira su gidan abinci mafi kyau a Amurka a 2001. Ni dai ban yarda da masu gorin ba. Aikin da ke cikin wannan tanjarin an yi shi, a lambu aka yi shi ba a kicin ba, wani ya zaɓi irin, ya yi shekaru yana renon bishiyar, ya san makon da za a tsinka, wani kuma a kicin ya ɗanɗana akwati bayan akwati ya ware wanda ya kai. Kuku ya ga abu ya kai matuƙa ya janye hannunsa ya bar shi, wannan ma sani ne kuma ba kowa ke da shi ba. Amma na fahimci wanda ya tara kuɗinsa ya zo yana jiran a nuna masa bajinta ya tashi yana jin an yi masa ƙwauro, don gidan ba ya yin irin wannan girkin na burgewa, kuma bai taɓa cewa yana yi ba.

Sukar da ta fi wannan nauyi ita ce ta kuɗi. Kafin korona farashin ɓangaren ƙasa yana kamawa daga dala 75 ranar Litinin zuwa 125 a ƙarshen mako, ban da abin sha, ban da haraji, ban da kashi 17 cikin 100 da suka daɗe suna ɗorawa na hidima. Ma'aikacin gonar da ya sunkuya ya tsinko latas ɗin, wanda a Kalifoniya yawanci ɗan ci-rani ne daga Meziko, ba zai iya zama a wannan teburin ba. A 2009 da aka yi hira da Alice Waters a shirin talabijin na 60 Minutes aka tambaye ta batun tsada, sai ta ce kowa da abin da ya zaɓa ya kashe wa kuɗi, wani takalman Nike ƙafa biyu zai saya wani kuma inibi mai kyau. Wallahi wannan amsar ba ta yi ba, don akwai miliyoyin mutane a Amurka da ba takalmin ba inibin, abin da zai kai su ƙarshen wata suke lissafi, kuma an caccake ta a kai sosai. Inda take da gaskiya shi ne abinci mai arha wani ne ke biyan kuɗinsa a ɓoye, ko manomin da aka danne wa farashi, ko lebura, ko ƙasar da aka gajiyar da taki. Tsadar gidan ba duka riba ba ce, wani kaso na tafiya ga manomi, wani ga ma'aikata, har a da sun yi tsarin da manyan kuku biyu ke karɓa-karɓa kowa wata shida a kicin ana biyansa albashin shekara. Amma dai duk yadda aka juya maganar, tsari ne da masu hali ke iya ɗauka, kuma ita ma ta san haka, shi ya sa a 1995 ta fara lambun makaranta a wata sakandaren gwamnati ta Martin Luther King a Berkeley, aka fasa wani fili mai kwalta aka mayar da shi lambu mai faɗin eka guda, yara na shuka suna girbi suna dafawa a matsayin darasi. Wannan aikin ya fi gidan abincin isa ga talaka nesa ba kusa ba, kuma yana cikin abin da ya sa Obama ya ba ta lambar girmamawa ta ƙasa a 2015.

Sai kuma ita kanta kalmar "na gida", wato abin da aka noma a kusa, da ake ta tallatawa, ya kamata a faɗi gaskiya a kanta. Ba komai na Chez Panisse ne daga kusa ba. Kofi da cakulan ba a noma su a Berkeley, akwai cukwi da sauran kaya daga Italiya da Faransa, kuma ɗaya daga gonakin da suka daɗe suna saye a wurinsu, gonar iyalin Chino, tana kusa da San Diego ne, fiye da kilomita 700 kudu. Sannan Allah ya ba su wuri, Kalifoniya ce ke noma fiye da kashi ɗaya cikin uku na kayan lambun Amurka da mafi yawan 'ya'yan itacenta, sanyinsu ba ya kashe shuka, ga teku a gefe, wanda ke jihar da ƙanƙara ke rufe ƙasa wata huɗu ba zai iya kwafar wannan yadda yake ba. Masu cewa cin na kusa shi ke ceton muhalli su ma sun wuce gona da iri, wani bincike da aka yi a jami'ar Carnegie Mellon a 2008 ya nuna jigila kashi 11 cikin 100 ne kawai na hayaƙin da abincin Amurkawa ke jawowa, noman kansa shi ke da sama da kashi 80. Wato yadda aka noma abu da kuma me aka noma ya fi nisan da ya yi tasiri. Ribar kusa a wani wuri take, kaya na isowa da ransa, kuma ka san wanda ya noma za ka iya zuwa ka gani da idonka.

Da abin ya zama yayi kuwa sai 'yan damfara suka shigo. A 2016 wata 'yar jarida mai suna Laura Reiley ta jaridar Tampa Bay Times a Fulorida ta bi diddigin gidajen abincin da ke rubuta sunayen gonaki a allo, ta kira manoman ɗaya bayan ɗaya, ta tarar da yawa ba su taɓa sayar musu da komai ba, wasu sau ɗaya aka saya aka ci gaba da amfani da sunan, har kifi ta kai aka gwada aka ga ba irin da aka rubuta ba ne. Rubuta sunan gona ba ya cin ko sisi, biyan manomi duk mako shekara da shekaru ne ke da tsada. Abin da mai cin abinci zai iya dubawa da kansa shi ne ko jerin abincin na canzawa da lokaci, in ka ga gida na cewa komai nasa na gonar kusa ne amma abinci ɗaya yake sayarwa rani da damina da kayan da ba lokacinsu ba, to akwai magana.

Ga Musulmin da ya samu kansa a yankin yana son zuwa, tunda a ƙasa ba ka da zaɓi, girkin kuma na salon Faransa da Italiya ne, naman alade na shigowa wasu ranakun kuma ana sa giya a wasu miyoyin, sauran naman ma ba yankan Musulunci ba ne. Dole ka faɗa musu tun lokacin kama wuri, suna yin na ganye zalla ga wanda ya nema, ko kuma ka hau sama inda za ka iya zaɓen kifi ko kayan lambu ka tambayi mai kawo abinci me aka sa a ciki. Ruwan sha kuma na famfo ne da suka tace, sun daina sayar da ruwan kwalba tun wajen 2007 saboda ba su ga dalilin a ɗauko ruwa daga Italiya a jirgi ba.

Babbar jarrabawar tsarin ta zo a Maris 2020 da korona ta sa aka rufe gidajen abinci. Gidan da ke saye wurin dillali sai ya daina oda kawai, amma su akwai manoman da suka riga suka yi shuka saboda su, kuma shuka ba ta san an kulle gari ba. Abin da suka yi shi ne suka koma sayar da abinci na ɗauka ka tafi, suka kuma buɗe 'yar kasuwa ranar Lahadi suna sayar wa mutanen unguwa akwatunan kayan gonakin nan kai tsaye, don kuɗi ya ci gaba da isa ga manoman. Ɗakin cin abincin ya zauna a rufe kusan shekara biyu, har bikin cikarsu shekara 50 a 2021 ya wuce ba a zauna a teburin ba, sai a 2022 suka sake buɗewa, kuma farashin ɓangaren ƙasa ya koma dala 175 kan mutum ɗaya.